Kotun da ba ta da ɗan sanda: yanda dokar cinikin duniya ke tafiya a zahiri

Duk wanda ya taɓa shiga sito na wake a kasuwar Dawanau ko wata babbar kasuwar hatsi lokacin ajiya ya san warin nan da ke dukan hanci tun daga bakin ƙofa. Fiya-fiya kenan. Yaro zai kawo kwalba ya tsiyaya a murfi ko ya haɗa da ruwa ya yayyafa, a jujjuya waken a ɗinke buhu a jera, sabida in ba a yi haka ba kafin wata uku ƙwaro ya mayar maka da jarinka gari. Mai kayan ba mugu ba ne, dukiyarsa yake karewa da abun da ya sani kuma yake iya saya. To a watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya gaba ɗaya, dalilinta shine wannan maganin, sinadarin da ake kira dichlorvos. Ƙa'idarsu ita ce kar ya wuce miligram 0.01 a kilo ɗaya, amma an samu kayan da ya kai 4.6. Da farko shekara ɗaya suka ce, da 2016 ta zo suka ƙara shekara uku a kai.

Abun da ke ɗaure min kai a labarin nan shine babu wani abu da aka ɓoye. Dokar a rubuce take, an buga ta, kuma kafin a kai ga rufe ƙofa an sha mayar da kaya daga tashoshinsu ana fitar da sanarwa. A idon doka Turawa sun yi komai a fili. Amma mutumin da ke tsaye a sito yana sa yaransa su yayyafa magani bai taɓa jin wata lamba 0.01 ba, kuma ba wanda ya zo ya gaya masa. Daga nan nake so mu kama zaren maganar, dan kalmomi biyu ne lauyoyin cinikin ƙasa da ƙasa suka fi yawan taunawa, bayyana komai a fili da kuma bin doka, kuma in ka tsaya ka duba da kyau za ka ga na biyun bai da ƙafa in babu na farkon.

Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995 a birnin Janeba na Suwizalan, ta gaji wata tsohuwar yarjejeniya ta 1947 da ake kira GATT. Yanzu membobinta 166, kuma tun Maris 2021 'yar Najeriya ce ke shugabantarta, Ngozi Okonjo-Iweala. Mutane da yawa in sun ji sunan ƙungiyar sai su ɗauka wata hukuma ce mai jami'ai da ke yawo tashoshin jiragen ruwa suna buɗe kwantena. Ko alama. Ba ta da sufeto ko ɗaya da zai shiga baitulmalin wata ƙasa ya ce kawo littafi in gani. Tsarin kamar fitar da zakka yake, kai ne ka san abun da ke cikin rumbunka, kai za ka auna, kai za ka faɗa. Kowace ƙasa ita ce za ta rubuto wa Janeba ta ce ga harajin da na sa, ga tallafin da nake ba manoma da masana'antu, ga sabon sharaɗin da zan ɗora kan abinci ko magani ko kayan lantarki. Tun a GATT ɗin 1947 akwai sashe na 10 da ya ce duk wata dokar kwastan dole a buga ta da wuri yanda 'yan kasuwa za su sani, kuma kar a fara aiki da ƙarin haraji kafin a buga shi a hukumance. Ka riƙe wannan sashen a ranka, za mu dawo kansa in mun iso gida.

To yanzu tambaya, wa zai kai ƙarar kansa? A ƙarƙashin yarjejeniyar tallafi, ƙa'idar da kwamitinta ke bi ita ce duk bayan shekara biyu kowace ƙasa ta kawo cikakken jerin tallafin da take bayarwa. Kusan duk zaman da kwamitin ya yi sai shugabansa ya koka, dan sau tari wajen rabin membobi ba su kawo komai ba ko da wa'adi ya daɗe da wucewa. Kuma masu rashin kawowan nan iri biyu ne, bai kamata a zuba su a kwando ɗaya ba. Akwai ƙananan ƙasashe da a ma'aikatar kasuwancinsu mutum biyu ko uku ne ke riƙe da duk harkar WTO, su ne za su bi ma'aikatar noma da ta kuɗi da kwastan suna roƙon alƙaluma, a Janeba ma wasu jakadansu ɗaya ne ke gudu tsakanin taron ciniki da na lafiya da na ƙwadago a rana ɗaya. Waɗannan ba wayo suke ba, ƙarfi ne babu. Sai kuma manya da ke da ma'aikata birjik da kwamfuta da komai, amma sun san duk lambar da suka rubuta gobe ita za a ɗauko a kafa musu hujja da ita. Eh, yarjejeniyar ta ce sanar da tallafi ba amsa laifi ba ne, amma wane lauya ne zai ga takardar da abokin shari'arsa ya sa wa hannu ya ƙi amfani da ita? Kuma in ka yi shiru babu tara babu kora, iyakaci a ambaci sunanka a taro wakilinka ya ce muna kan aiki.

Rigimar Amurka da Chana kusan rabinta a nan take. Chana ta shiga ƙungiyar a Disambar 2001, kuma tun daga lokacin Amurka ke cewa jerin da take kawowa bai kama hanyar cika ba, musamman abun da gwamnatocin larduna ke yi. A 2011 Amurka ta gaji ta yi abun da doka ta ba ta dama, ta rubuta wa Chana jerin da kanta, shirye-shiryen tallafi kusan 200 da ta ce ba a sanar ba. A 2018 ta yi wa Indiya irin wannan kan kuɗin da take sayen alkama da shinkafa daga manomanta. Amma gaskiyar magana matsalar ta wuce ɓoye lamba, har ma'anar kalmar tallafi ba a daidaita ba. In bankin gwamnati ya ba kamfanin ƙarfe bashi da ruwa kaɗan, ko ƙaramar hukuma ta ba shi fili kusan kyauta, ko kamfanin wuta na gwamnati ya sayar masa da lantarki da araha, tallafi ne ko kasuwanci? A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta ce kasancewar gwamnati ce ta mallaki kamfani bai isa a kira shi hukumar gwamnati ba, sai an nuna yana aiki da ikon gwamnati. Wannan hukuncin ya yi wa Amurkawa zafi ƙwarai, har yau suna ambatonsa. Daga baya su da Turai da Japan da wasu suka kawo shawarar a riƙa hukunta duk wanda ya makara da sanarwa, a ƙara masa kuɗin da yake biya, a hana shi shugabancin kwamiti. Ƙasashen Afirka da Indiya suka ce a'a, sabida sun hango cewa tarkon da aka ɗana wa giwa ɓera zai fara kamawa. Ni dai ina ganin suna da gaskiya a wannan, ko da yake ƙin da suka yi ya yi wa masu ɓoyon daɗi.

Akwai kuma wani zama da ake yi na duba manufofin cinikin kowace ƙasa, huɗun da suka fi kowa yawan ciniki duk shekara uku, 16 da ke bi musu duk shekara biyar, saura duk bakwai. Ma'aikatan Janeba su rubuta rahoto, ƙasar ta rubuta nata, sauran su aiko da tambayoyi a rubuce wani lokaci ɗaruruwa. Ba a yanke hukunci, kamar zaman dangi ne da kowa zai faɗa maka aibinka cikin ladabi a tashi a ci abinci. Duk da haka rahotannin suna da amfani, wani lokaci ma a ciki ɗan ƙasa zai fara ganin cikakken lissafin dokokin ƙasarsa a wuri ɗaya.

To mu ɗauka ka gano, ka ga maƙwabcinka na karya doka. Sai me? Za ka nemi a zauna a tattauna, in kwana 60 sun wuce ba a daidaita ba ka nemi a kafa kwamitin alƙalai uku, su saurara su rubuta hukunci, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Sama da ƙara 600 aka shigar tun 1995, kuma a faɗi gaskiya a yawancinsu wanda aka kayar ya gyara ko an sasanta. Chana kanta da aka kayar da ita a 2014 kan taƙaita fitar da ma'adanan nan masu wuyar samu da ake sa wa wayoyi da batura, farkon 2015 ta cire ƙa'idar. Amma akwai abu biyu da duk mai son fahimtar tsarin nan dole ya sani. Na ɗaya, ba a biyan diyyar abun da ya wuce. In ƙasa ta sa haramtaccen haraji ta kashe maka kasuwa shekara huɗu ana shari'a, ranar da ka ci iyakar abun da za a ce mata shine ki daina, har ma a ba ta wa'adi na wata goma sha wani abu ta shirya, asarar da ka yi kuwa sai dai ka rungumi ƙaddara. Na biyu, in ta ƙi dainawa, abun da kotu za ta ba ka shine izinin ramuwa, wato kai ma ka ɗora wa kayanta haraji daidai da asararka. Bulalar a hannunka za a sa, kai za ka yi dukan da kanka.

Ga mai ƙarfi wannan bulala tana aiki sosai. A 2002 Shugaba Bush ya sa wa ƙarfen da ake shigowa da shi Amurka haraji, aka kai ƙara aka kayar da shi, Turai ta fito da jerin kayan Amurka na sama da dala biliyan 2 da za ta rama a kai. Kuma ba da ka suka zaɓi kayan ba, sun sa lemon Florida da tufafin wasu jihohi da shugaban ke buƙatar ƙuri'unsu a zaɓen 2004. Disambar 2003 Bush ya janye harajin. Rigimar tallafin da ake ba Boeing da Airbus, kamfanonin ƙera jiragen sama na Amurka da na Turai, kuwa daga 2004 aka fara, kowa ya ci kowa, aka ba Amurka izinin ramuwar dala biliyan 7.5 a 2019, aka ba Turai ta kusan biliyan 4 a 2020, a 2021 suka ga dukansu jini suke zubarwa suka ajiye makamai na shekara biyar. Faɗan manya kenan, su daku su sasanta.

Shari'ar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta auduga, dan ta shafi maƙwabtanmu kai tsaye, kuma duk wanda ya san yanda Funtuwa da Gusau da Malumfashi suke a zamanin da auduga ke da daraja zai ji ta a jikinsa. A farkon shekarun 2000 Amurka na zuba biliyoyin daloli ga manoman audugarta da yawansu bai fi wajen 25,000 ba, su kuma su noma fiye da abun da kasuwa ke nema su tura waje, farashin duniya ya faɗi. Wanda ke noma kadada biyu da garmar shanu a kudancin Chadi ko Mali shi ke kwana a ciki. A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka haɗa kai suka kai kukansu, shugaban Burkina Faso na lokacin, Blaise Compaoré, da kansa ya je Janeba ya yi magana, kuma batun na cikin abun da ya wargaza taron ministoci na Kankun a Meziko a shekarar. Amma ba su suka shigar da ƙara ba. Barazil ce ta shigar tun 2002, Benin da Chadi suka shiga a matsayin masu ruwa da tsaki kawai, suna gefe suna ba da shaida.

Ka lura da yanda Barazil ta ci shari'ar nan, dan a nan maganar bayyana abu a fili ta nuna fuskarta ta biyu. Amurka ƙasa ce da kasafin kuɗinta ke buɗe, ma'aikatar nomanta na buga alƙaluma kowa ya gani, majalisa na muhawara a bainar jama'a. Da waɗannan lambobin nata aka ɗaure ta. Barazil ta ɗauko manyan lauyoyi da masanin tattalin arziƙin noma daga wata jami'a a Kalifoniya ya lissafa yanda farashi zai kasance da babu tallafin. Wato wanda littafinsa ke buɗe shi ya fi sauƙin kamawa, wanda ya kulle nasa a durowa sai dai a yi ta zarginsa. In kai ne mai ba gwamnati shawara, wane darasi za ka ɗauka daga nan? Shi ya sa nake cewa tsarin da kansa yana ba mai ɓoyo lada.

An yanke hukunci a 2004, aka tabbatar a 2005, Amurka ta ɗan taɓa nan ta taɓa can ba ta gyara ainihin abun ba, aka koma aka sake kayar da ita. A 2009 aka ba Barazil izinin ramuwa da ya kai kusan dala miliyan 830 a shekara, kuma wani ɓangare an yarda ta rama ta kan haƙƙin mallakar fasaha, wato ta daina mutunta haƙƙin kamfanonin magani da na fina-finan Amurka. Nan fa hankali ya tashi, sabida waɗannan kamfanonin sun fi manoman auduga baki a Washinton. Sai me aka yi? A 2010 Amurka ta amince ta riƙa biyan dala miliyan 147.3 duk shekara ga wata cibiyar auduga ta Barazil, ita kuma Barazil ta ajiye bulala. A 2014 aka ba ta miliyan 300 a dunƙule aka rufe fayil. Ka ji fa, maimakon a daina ba manoman Amurka tallafin sai aka ƙara da na Barazil a layin masu karɓa. Ƙasashen nan huɗu da suka fi kowa jin jiki kuwa alƙawari suka samu a taron Hong Kong na 2005 cewa za a duba batun auduga da gaggawa, sai kuma a Nairobi a 2015 aka amince a daina tallafin fitar da amfanin gona waje, wanda ci gaba ne amma bai taɓa tallafin cikin gida ba, alhali can ne kuɗin yake.

In kana so ka ga ƙarshen abun dariya, duba Antigua da Barbuda, tsibirai ne da mutanensu ba su fi kusan 100,000 ba. Sun kai Amurka ƙara a 2003 kan hana kamfanoninsu na caca ta intanet shiga kasuwarta. Caca dai ba abun so ba ce a wurinmu, amma doka ake magana, kuma sun yi nasara. Suka nemi ramuwar dala biliyan 3.4, aka ba su miliyan 21 a shekara. To ka gaya min, ƙasar da kusan komai nata daga abinci har kayan gini daga waje take sayowa, da yawa daga Amurkan ma, in ta ɗora wa kayan Amurka haraji wa ta hukunta? Mutanenta. Amurka ko a jikinta. An ba su izinin taɓa haƙƙin mallaka su ma a 2013, suka yi ta barazana ba su aiwatar ba, dan wanda masu yawon buɗe ido na Amurka ke ciyar da shi ba ya wasa da wuta. Hukuncin na nan a ajiye. Ba mamaki a duk tarihin ƙungiyar ƙasa ɗaya tak daga rukunin mafiya talauci ta taɓa shigar da ƙara, Bangladesh a 2004 kan batura da Indiya, shi ma sasantawa aka yi.

Duk wannan fa lokacin da kotun ke aiki kenan. Kotun ɗaukaka ƙarar kujeru bakwai gare ta, uku ke zama kan kowace shari'a, kuma naɗa alƙali sai kowa ya yarda. Amurka ta daɗe tana ƙorafi, tana cewa alƙalan na wuce gona da iri suna ƙirƙiro dokar da ba a sa hannu a kai ba, suna wuce wa'adin kwana 90, suna ɗaukar tsohon hukuncinsu kamar nassi. Wasu ƙorafin nata da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Zamanin Obama a 2016 ta hana a sabunta wa wani alƙali ɗan Koriya ta Kudu, zamanin Trump ta hana naɗa kowa ɗungurungum, Biden ya zo bai canza ba. Daga 11 ga Disambar 2019 alƙali ɗaya ya rage, kotu ta tsaya cak, daga baya wa'adin ɗayan ma ya ƙare. Amma haƙƙin ɗaukaka ƙara na nan a rubuce. Dan haka yanzu in an kayar da kai a ƙasa sai ka ɗaukaka zuwa kotun da babu kowa a ciki, hukuncin ya rataye, ba a zartar ba ba a soke ba, kamar ka kai takarda ofishin da aka rufe ka tura ta ƙarƙashin ƙofa ka yi tafiyarka.

Haka Amurka ta yi da harajin ƙarfe kashi 25 da na alminiyam kashi 10 da Trump ya sa a 2018 da sunan tsaron ƙasa. Disambar 2022 alƙalai suka ce bai halatta ba, ta fito ƙarara ta ce batun tsaronta ba wanda zai yanke mata hukunci, ta ɗaukaka. Kuma kar a ce ita kaɗai ce, ƙofa in ta buɗe kowa bi yake. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adanin nikel dan a riƙa sarrafa shi a gida, Turai ta kai ta ƙara ta ci a 2022, ita ma ta ɗaukaka ta ci gaba da harkarta. Indiya ta yi haka kan tallafin sukari. A 2020 Turai da Chana da Barazil da Kanada da wasu suka kafa wata kotun wucin gadi tsakaninsu, daga baya Japan ta shiga, amma babu Amurka babu Indiya, daga Afirka kuma Benin ce ta shiga. Sai ga Afrilun 2025 Trump ya fito da allonsa na haraji ƙasa-ƙasa, har Lesotho aka rubuta wa kashi 50, abun da ya take babbar ƙa'idar ƙungiyar ta cewa abun da ka yi wa ɗaya ka yi wa kowa.

Yanzu mu dawo gida, dan ba daidai ba ne mu yi ta nuna wa wasu yatsa mu manta da namu. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba za a ƙara ba masu shigo da su dala a kasuwar hukuma ba, har da shinkafa da tsinken sakace, jerin ya ƙaru daga baya, sai Oktoban 2023 aka cire. Ranar 7 ga Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai, aka yi hotuna aka tafa. Wata mai bi, Agusta, aka wayi gari an rufe iyakokin ƙasa. Mutum ya ɗoro kaya daga Maraɗi ko Kwanni da takardunsa cif, ya iso Jibiya ko Illela ya tarar da ƙofa a kulle, mota ta yi makonni a layi, mai albasa da mai tumatur suna kallon kayansu na ruɓewa. A Nuwamba aka ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga boda, garuruwan kan iyaka suka koma sayen mai a galan da tsadar tsiya. Sai Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Ana iya muhawara kan ko matakin ya taimaki noman shinkafa ko fasa-ƙwauri kawai ya ƙara wa tsada, wannan magana ce daban. Abun da nake nufi shine ka tuna sashe na 10 ɗin nan, ka kuma tuna Najeriya ta amince da yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki da ta fara aiki a Fabrairun 2017, wadda ta ce a buga dokoki da kuɗaɗen da ake biya har a intanet, a ba 'yan kasuwa lokaci su yi tsokaci kafin a fara aiki da sabuwar doka. Kuma ko Benin ko Nijar ba wadda ta kai ƙara Janeba, sabida lissafin Antigua ne ya dawo, sai dai wannan karon mu ne babban.

Wanda ke cin riba in doka ba ta fito fili ba an san shi. Duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya a hanyar boda zai gaya maka, in ba ka san ainihin kuɗin da doka ta ce ka biya ba to abun da mai shingen ya faɗa shine doka, kuma shingen ba ɗaya ba ne. Babban ɗan kasuwa na da ejan da ke jin labari tun kafin takarda ta fito, har ya san wane kaya za a hana wata mai zuwa ya cika sito. Ƙaramin sai a rediyo zai ji, bayan ya riga ya biya kuɗin kaya.

Shi ya sa ni a ganina ga ƙasa irin tamu, da ma duk wadda ba ta da bulalar da za ta ji wa wani ciwo, sanarwar da ke zuwa kafin abu ya faru ta fi hukuncin kotu amfani nesa ba kusa ba, kuma wannan ɓangaren na WTO har yanzu yana numfashi ko da kotun ta suma. Duk shekara dubban sanarwa ake shigarwa kan sababbin sharuɗɗan lafiyar abinci da ingancin kaya. Ƙa'ida ita ce in ƙasa za ta sauya sharaɗi, misali ta rage adadin maganin ƙwari da za ta lamunta a jikin riɗi ko citta ko zoɓo, ta aiko da daftarin tun da wuri, a ba da kwana 60 masu ƙorafi su yi, sannan in ba gaggawa ba a bar wata shida kafin a fara aiki da shi. Tun 2016 akwai shafi da ake kira ePing, kyauta ne, ka yi rajista ka zaɓi kayan da kake sayarwa da ƙasar da kake kaiwa, duk ranar da aka taɓa dokar saƙo zai shigo maka. Akwai kuma kwamiti da wakilin ƙasa zai tashi ya ce wannan sharaɗin ya yi mana tsauri ku kawo hujjar kimiyya, ba lauya ba kuɗin shari'a, kuma an sha warware matsaloli a nan ba tare da an je gaban alƙali ba.

Sai dai saƙon da Ingilishi ko Faransanci ko Sifaniyanci yake zuwa, cike da sunayen sinadarai da lambobin kwastan. Daga akwatin imel ɗin wani jami'i a Abuja ko Yamai zuwa kunnen shugaban 'yan wake a kasuwa, zuwa ga manomin da ke fesa maganin, zuwa ga yaron da ke riƙe da murfin kwalba, tafiya ce da babu wata yarjejeniya da ta ɗora wa kowa. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba yana nan a kasuwa, ya fi buhun gargajiya tsada, kuma mai sito zai tambaye ka wa zai biya shi bambancin tunda mai saye a nan gida ba ya tambaya.